Gidan Da Za Mu Kwana a Akara

Takardar tana nan har yanzu cikin jakar fasfo ɗinmu. Falle ne da muka yago daga tsohon littafin rubutun 'yarmu, muka jera a kai abubuwan da muke so a samu a gidan hayar da za mu sauka a Akara, babban birnin Gana. Da fitilar waya muka rubuta ta, wani daren Juma'a, yara na barci. Lamba ta 1, doguwar katanga. Lamba ta 2, ƙofar fita ta baya. Lamba ta 3, kada ya zama gidan ƙarshe a layi. Sai da muka kai lamba ta 7 muka tuna da ruwan famfo. Teku kuwa, wanda dominsa aka ƙulla tafiyar tun farko, a lamba ta 9 ya samu wuri.

A lokacin ba mu ga abin mamaki a jerin ba. Haka kowa ke zaɓen gida a wajenmu.

Mu biyu ne da wannan rubutu, mata da miji. Ɗayanmu ɗan Batsari ne, malamin sakandare. Ɗayarmu 'yar Safana ce, ma'aikaciyar lafiya. Inda muka saɓa za ku ji mun ce na Batsari da ta Safana, kamar yadda dangi ke kiranmu in ana tsokana. Duk wanda ya san yammacin jihar Katsina ya san garuruwan nan biyu suna jingine da dajin Rugu, ya kuma san abin da dajin ya zame mana a shekarun nan.

An haifi 'yarmu ta fari a 2017. Tana da shekara 3 aka kai harin Tsauwa da Dankar, a watan Fabrairun 2020, aka kashe mutum kusan 30. Waɗanda suka tsira daga ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin garin Batsari da ƙullin kaya a ka. Tun daga nan ta ga muna kwana da kayan jikinmu, ta ga ana ajiye takalma a gefen katifa. Ba wanda ya koya mata, amma sai ta fara tura nata takalman ƙarƙashin matashin kai. In babur ya wuce da dare, ko da na maƙwabci ne da ya dawo daga kemis, sai ta tashi zaune, ba kuka ba magana, ta ƙura wa ƙofa ido. Ƙanenta bai kai ya san komai ba tukuna.

Ita ce ta jawo tafiyar. Ta ga hoton teku a littafin makaranta, ta tambaya ko ya fi dam ɗin Zobe girma. Muka yi dariya, muka ce wata rana za mu kai ta ta gani. Ta Safana ce ta riƙe maganar da gaske, ta shiga adashe a wurin aiki. Na Batsari ya riƙa haɗawa da kuɗin duba takardun jarrabawa da ɗan abin da gonar rogo ta bayar. Shekara 3 muna tarawa, darajar naira na zubewa, muna ƙara tarawa.

Da muka faɗa wa Inna, mahaifiyar na Batsari, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Ana cikin wanga hali, ku kwashi ɗiya ku tafi kallon ruwa?"

Ba mu da amsar da za ta gamsar da ita. Mun san buhun taki nawa kuɗin nan zai saya, mun san 'yan'uwa nawa ke zaune a kangaye suna jiran a ce hanya ta yi kyau su koma gida. Shi ya sa zaɓen masauki ya yi mana nauyi haka. Wanda ya saba tafiya, in ya faɗa gidan da bai yi masa ba, sai ya ce a gyara a tafiya ta gaba. Mu ba mu da tabbacin akwai ta gaba.

Legas ma tana da teku, kuma an tuna mana da haka fiye da sau goma. Kawu ne ya karkatar da mu Akara, wan Inna. A can aka haife shi, mahaifinsu na fataucin goro da shanu. Yana ɗan shekara 12, a ƙarshen 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar ƙasar. Aka loda su a babbar mota da tabarmi da tukwane, Inna tana goye, suka dawo ƙasar Ruma. Bai sake komawa ba. Shi ba ya cewa Akara, Ankara yake cewa kamar yadda tsofaffin fatake ke kiran garin, har yaran gidan suka daɗe suna zaton a Turkiyya aka haifi kakansu. Ga kuma sauƙin da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta kawo: ɗan Najeriya na shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Fasfo ake nema da katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa.

Muka tsayar da watan Agustan 2024, lokacin dogon hutu, kwana 8 a can. Mun karanta cewa tun bikin komawa gida da Gana ta yi wa baƙaƙen fatar duniya a 2019, watan Disamba ya zama na cunkoson baƙi, kuɗin masauki na tashi. Agusta kuwa shi ne watan da garin ya fi sanyi, manyan ruwan sama sun wuce. Otal ba ya cikin lissafinmu. Mutum huɗu, cin abinci a waje sau uku a rana, guzurin zai ƙare kafin rabin kwanakin. Gida muke so mai kicin, inda za a dama koko, a dafa taliya.

Waya ce ta zama dillalinmu. Mu da muka ga 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar har da namu biyun, muna shiga mota zuwa Katsina don kiran waya ɗaya, ba za a koya mana haƙuri da sabis ba. In dare ya yi muka buɗe Airbnb da Booking.com, hoto ɗaya kan ɗauki minti guda kafin ya fito. A hankali muka gane kuɗin da ake rubutawa a fuskar talla ba shi ne na ƙarshe ba, akwai na shara da na hidima da ke fitowa daga baya. Da yawa da dala suke sa farashi, sai mu mayar da ita sidi, mu mayar da sidin naira, mu yi shiru. Muka koyi fara karanta ra'ayin waɗanda suka fita da fushi kafin na masu yabo. Muka kuma gano taswirar Google tana da hotunan titunan Akara, mutum na iya bin layi da ɗan yatsa, ya ga kwata da shago da irin mutanen da ke wucewa.

East Legon ce ta fara tafiya da hankalin na Batsari. Unguwar masu hali ce a arewa maso gabashin birnin, kusa da Jami'ar Gana. Kowane gida da katanga mai wayar lantarki a sama, da ƙofar ƙarfe, da mai gadi, wasu har da kyamara. Kamar sun ga takardarmu suka gina unguwar. Matsalar ita ce kuɗin dare ɗaya a can ya kusa na dare biyu a wani wuri, kuma tana da nisa da teku da kasuwar Makola. Kowace fita sai an ɗauki tasi an shiga cunkoson motoci.

Ta Safana kuma Osu take so. Tsohon garin mutanen Ga ne, 'yan asalin Akara, a bakin teku. Nan tsohuwar ganuwar Turawa ta Christiansborg take, nan titin da ake kira Oxford yake da shagunansa da gidajen abinci, kuma ba nisa da dandalin da ake bikin 'yancin kai. Sai dai a ra'ayin kusan duk wanda ya sauka kusa da titin, akwai maganar kiɗan mashaya har gab da asuba.

Gidajen da aljihunmu ya fi ɗauka suna wajen shataletalen Kwame Nkrumah ne. Da muka bincika dalilin arahar wasunsu sai muka ci karo da rafin Odaw, wanda ke cika ya shiga gidaje. A nan ne ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum kusan 150 suka rasu. Muka ƙara lamba ta 10 a takarda: a duba jikin bango ko akwai shatin ruwa.

A tsakiyar wannan ne saura ƙiris mu yi asarar rabin adashen. A lokacin katin bankinmu na naira ba ya biyan kuɗi a ƙasar waje, saboda haka ko mun ga gida a manhaja, biyan sai an bi ta hannun wani. Sai ga wani mutum a wani zauren sada zumunta, ya ce yana da ciki biyu da falo a Osu, taga na kallon teku, a rabin kuɗin da muka saba gani. Hotunan kamar a mujalla. Ya ce mu tura rabi ta waya a riƙe mana, don akwai wasu 'yan Abuja da ke jira. Har mun tambayi wani ɗan canji a Katsina yadda ake tura sidi. Ta Safana ce ta ce a yi kiran bidiyo tukuna, ya buɗe famfo mu ga ruwa, ya leƙa da wayar ta taga. Ya ce kyamararsa ta lalace. Washegari muka ga hotunan nan dai, har da labulen, a tallar wani gida a wata unguwa daban. Araha ba ta ado. Kwana biyu ba mu sake buɗe maganar gida ba.

Muka kai wa Kawu labarin a zaurensa, muna zaton zai yi mana jaje. Ya gama saurare, ya ɓare goro, ya ce, "To, wa ke fatomanku?"

"Kawu, ai yanzu ba a yi da fatoma. Waya ke yin komai."

"In yaron ga ya tashi da zazzaɓi tsakar dare, wayar ce za ta buga ƙofar mai magani?"

Ya shiga ba mu labarin yadda iyayensu ke tafiya. Bafatake da ya nufi Gwanja sayen goro ba ya shiga Salaga ko Kumasi yana tambayar ɗakin haya. Sunan mutum yake riƙe da shi tun daga gida. Fatoma shi ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya ɗauki la'adarsa. In fatoma ya ci amanar baƙo ɗaya, labarin zai riga shi isa Kano da Katsina, ayari na gaba ya sauka gidan wani.

Wani abin Kawu ya ji shi ne a bakin manya, mu kuma muka je muka karanta muka tarar haka yake. Tarihin zangon Akara ya ce Malam Na'ino daga Katsina ya fito, ya zauna a garin tun ƙarni na 19. Ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima kuma ta taso ne a shekarun 1930, a wurin da Malam Amadu Futa ya zauna da shanunsa. Har yau in ka duba taswirar birnin za ka ga Tudu, ka ga Fadama, ka ga Madina. Kawu ya ce mai jin Hausa da ya kama gida a unguwar da ake kira Fadama, in ruwa ya ci shi kada ya zargi kowa.

"Ku sauka cikin mutanenku," in ji shi.

A hanyar komawa gida rigima ta tashi. Ta Safana ta ce ba ta yi adashen shekara 3 don ta ƙetare ƙasa uku ta je ta ji ana ce mata ina kwana ba. Tana so yara su ga wata irin rayuwa, su ji wani yare, su ga coci da masunta da jiragen ruwa. Na Batsari ya ce shi dai katanga, ko da zai ci bashi ya cika kuɗin East Legon, don ba zai kai iyalinsa ƙasar da bai san kowa ba ya kwantar da su a gidan da kowa ke iya taɓa ƙofarsa. Abu ɗaya muka haɗu a kai, ba mu son Nima. Mun bi lungunanta a taswira, mun ga matsatsi da babbar kwata, mun kuma karanta irin abin da ake faɗa a kanta, irin dai wanda ake faɗa a kan kowace unguwar talakawa a kowane birni. Mu da ake jin sunan garinmu a ja da baya, ba mu ji kunyar yi wa wata unguwa haka ba.

Wani maraice na Batsari yana kan tabarma yana bin wani layi na East Legon da yatsa, yarinyar ta jingina da kafaɗarsa tana kallo. Katanga bayan katanga, ƙofofi a rufe, itatuwa a jere. Ba mai shayi, ba akuya, ba yaro ko ɗaya. Ya wuce layi na biyu, haka. Sai ta ce, "Baba, su ma sun gudu ne?"

Ta san irin wannan layin. Ta gan shi a ƙauyen kakanninta na wajen uwa a ƙasar Safana, ranar da muka bi ta can da rana tsaka muka tarar da ƙofofi a garƙame, turmi a kife a tsakar gida.

Daren nan mun daɗe muna magana. Muka tuna dararen da muka fi samun barci a shekarun nan, sai muka ga duk waɗanda ake hira a ƙofar gida ne, maƙwabta na zaune kan benci, rediyo na yi, mai shayi bai tashi ba. Daren da ke hana mu runtsawa shi ne wanda gari ya yi tsit, har karnuka suka yi shiru. Muka lissafa mutanen da muka sani da suka tsira, kusan kowannensu wani ne ya buga masa waya ko ya yi ihu ta kan katanga. Katangar kanta ba mu tuna wanda ta hana shiga ba. Mun yi wata biyu muna neman gidan da zai ɓoye mu, ba mu taɓa tambayar kanmu ko za mu iya barci a cikinsa ba.

Muka koma wurin Kawu. Ya sa aka nemo wani direba da ke kai albasa Gana, ta hannunsa aka samo lambar jikan wata gwaggonsu da ta yi aure a can, korar 1969 ba ta shafe ta ba. Tela ne a Nima, ya girme mu kaɗan, muka riƙa ce masa Yaya. Hausarsa irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. Da ya ce wa ta Safana "ka gaishe da yara", yarinyar ta yi ta dariya har da faɗuwa.

Yaya bai ce mu sauka gidansa ba, ya ce ɗaki ɗaya ne da shi da iyali. Bai kuma matsa mana sai Nima ba. Ya ce mu nemi bakin iyaka, wajen Kanda. Babban titi ne ya raba ta da Nima. Nan Babban Masallacin Ƙasa yake, mai hasumiya 4, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Daga nan ƙaramar bas da suke kira turoturo na kai mutum Osu da Makola ba wahala. In an so jin Hausa a tsallaka titi, in an so wani yare a tsaya inda ake.

Ranar wata Asabar ya rufe shago ya zagaya gidaje 3 da muka zaɓa, muna biye da shi ta bidiyo. Tambayoyinmu sun canza. Ya buɗe famfo. Ya hau ya duba tankin ruwa, don a can ma ruwan gwamnati ba kullum yake zuwa ba. Ya tambayi wa ke sa kuɗi a mitar wuta, da abin da ake yi in an ɗauke ta, abin da su ke kira dumso. Ya ɗaga tukunyar gas ya ji nauyinta. Ya duba ragar sauro a tagogi, da ƙarfen matakala saboda ƙaramin, da ƙasan bango saboda shatin ruwa. Sannan muka roƙe shi abu na ƙarshe, wanda ya ba shi mamaki. Muka ce ya koma kowane gida da ƙarfe 10 na dare, ya tsaya a ƙofa, ya kira mu, kada ya ce komai, ya riƙe wayar kawai.

A na farko kiɗa muka ji, mai dukan ƙirji. A na biyu ba mu ji komai ba sai kukan gyare, har muka zaci layin ya yanke. A na uku muka ji muryoyi: mata biyu na ciniki da wani yare, ana kallon ƙwallo a wani shago, cokali na bugun kofi, babur ya wuce, wani ya yi sallama aka amsa masa.

Na ukun bene ne, ciki biyu da falo a sama. Mai gidan dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ga, Kirista, tsohuwar malamar makaranta, tana zaune a ƙasa. Katangar gidan ba ta wuce kafaɗa ba. Matakala ɗaya ce, ƙofa ɗaya. Na Batsari ya kwana yana juyi a kan lamba ta 2, da safe ya ce a kama. Yaya ya ba da kuɗin dare ɗaya daga aljihunsa ya karɓi rasit, aka yi da ita sauran sai mun iso mun gani da idonmu.

Ta mota muka tafi. Katsina zuwa Legas, sannan Seme, Kwatano, Lome, muka shiga Gana ta Aflao, muka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Da dare muka isa, Yaya na jiranmu a tasha. Anti, kamar yadda kowa a layin ke kiran mai gidan, ta ba mu makulli da ruwan sanyi, ta nuna wa yarinyar ɗakinta.

Daren farko ba mu yi barci ba. Ba tare da mun shirya ba, sai muka ga muna yin abin da muka saba, ɗaya ya kwanta ɗaya ya zauna. Babura na wucewa, yarinyar na tashi zaune, takalma na ƙarƙashin matashi. Na Batsari bai ce komai ba, amma an ga East Legon a fuskarsa.

Da safe ta Safana ta sauka neman abin karyawa, ta dawo da koko da ƙosai, tana dariya, wai sunansu ke nan a can ma, har waɗanda ba su jin Hausa kokon Hausa suke ce masa. Da rana muka ci shinkafa da wake da suke kira wace, an dafa ta da karan dawa ta yi ja. Muka shiga turoturo zuwa bakin teku a Labadi. Igiyar ruwa a watan Agusta da ƙarfi take zuwa, ruwan da sanyi. Yarinyar ta riƙe gefen hijabin uwarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina ɗaya gefen?" Ranar Laraba muka ci kasuwar Nima, inda muka ji Hausa da Zabarmanci da yaruka da ba mu san sunansu ba a rumfa ɗaya. Muka je Sabon Zango muka kira Kawu ta bidiyo muna juya masa wayar. Bai gane ko gida ɗaya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce mu tsaya a ƙofar masallaci ya ƙara gani.

A dare na uku aka ɗauke wuta. Layin gaba ɗaya ya yi wata 'yar ƙara ta takaici, irin wadda muka sani. Can sai muka ji taku a matakala, aka buga ƙofa. Kafin bugu na biyu na Batsari ya suri yaron ya nufi kicin, yana lalube bango inda ƙofar baya ya kamata ta kasance. Ta Safana ta danne bakin yarinyar. Aka sake bugawa, sai muryar Anti, tana cewa ta kawo wa yara fitila kada su ji tsoron duhu.

Da muka buɗe ta ga fuskokinmu, ba ta tambaye mu komai ba. Ta ajiye fitilar, ta ce zafi zai dame mu a ciki, mu sauko. Muka sauka muka tarar da rabin layin a waje, kan benci da kujerun roba, ana fifita da kwali. Aka matsa mana. Wani tsoho ya ji daga Katsina muke, ya ce kakansa ma daga can ya zo, amma bai san sunan garin ba. Yarinyar ta yi barci a cinyar Anti, aka ɗauke ta zuwa sama ba ta farka ba.

A dare na huɗu mu duka muka kwanta. Lasifikar babban masallaci ba ta da nisa da mu, amma ba wanda ya ji kiran asuba. Rana ce ta tashe mu ta taga, muka yi salla a makare muna jin kunya. Da na Batsari ya je buɗe ƙofa sai ya yi tuntuɓe da takalman yarinyar, a bakin ƙofa, cikin namu.

Gidan yana da nasa aibin. Ruwa ya yanke yini guda sai da muka hau da bokiti. Janaretan maƙwabci yana da ƙara. Teku ba a ganinsa ta taga, sai an shiga mota. In wani ya ce mana Osu ko East Legon ta fi masa, ba za mu yi musu ba, kowa da abin da ke hana shi barci.

Da muka dawo Inna ta tare mu a ƙofa. "To, kun ga ruwan?"

Yarinyar ta ce ta gani, ba shi da ɗaya gefen. Daga nan ta koma labarin Anti da fitila, da tsohon da bai san garin kakansa ba. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah shi saka wa matar ga da alheri." Maganar taki ba ta sake tasowa ba, ko da yake mun san tana nan.

Mako biyu takalman suna kwana a bakin ƙofa. A na uku aka yi harbi a wani ƙauye kusa, suka koma ƙarƙashin matashi. Ba mu hana ta ba, namu ma suna gefen katifa.

Kwanan baya wani abokin aikin ta Safana ya zo, ya ce yana tara kuɗi zai kai mahaifiyarsa ta ga teku, mu ba shi shawarar unguwa. Muka ɗauko takardar daga jakar fasfo. Ya fara karantawa daga lamba ta 1 yana gyaɗa kai. Ta Safana ta karɓe ta, ta juya masa bayanta, inda muka rubuta lambar Yaya da ta Anti.